Na Mai Jirgi Ake Fara Zubarwa

Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato an yi ta jujjuya malaman makaranta, na gari a kai shi ƙauye, na ƙauye a dawo da shi gari. A cikin wannan juyi ne aka tura Zulai'atu, 'yar Alhaji Magaji mai albasa na Yelwan Yauri, firamaren Tungar Maje, wani ƙauyen masunta a bakin tafkin Kainji, gab da Wara. Hanyar mota ba ta kaiwa can idan ruwa ya cika. Sai jirgi.

Jirgin Ɗanbaba take shiga, ya kai ta farkon mako, ya dawo da ita ranar kasuwar Yauri tare da kwandunan kifin banda na matan tunga. Basarke ne, masunci uwa da uba. Ubansa ya rasu ya bar masa jirgin da wani tsohon inji mai yawan tari, da kuma uwarsa Saratu, wadda ke da banda a bayan ɗakinta kamar kowace mace a tungar. Ranar farko Zulai'atu ta ƙanƙame katakon da take zaune a kai har yatsunta suka yi fari. Ɗanbaba ya dube ta sau ɗaya, ya miƙa mata ƙwarya, ya ce ta taimaka masa da kwalfe ruwan da ke ƙasan jirgi. Sai da suka sauka ta lura ruwan bai taka kara ya karya ba, ya dai ba ta aiki ne don ta daina kallon taguwar ruwa. Ta ce masa ashe shi ma malami ne. Ya ce a'a, shi dai ya saba ɗauko awaki, su ma haka suke yi.

Ba mai yawan magana ba ne, ita ce mai yi. Tana ba shi labarin yaran ajinta da ke gudu da zarar sun ji an ce kifi ya taso, shi kuma ya nuna mata inda tsofaffin garuruwa suke kwance a ƙarƙashin ruwa tun lokacin da aka datse kogi, da inda kututturan itatuwa suke jiran cikin jirgi. Kafin shekara ta zagayo, mutanen jirgi sun daina zama a katakon da ke kusa da inji, sun bar wa Malama.

Da maganar ta isa gaban Alhaji Magaji bai yi faɗa ba. Ya ce shi ba shi da wata rigima da Sarkawa, kifinsu yake ci tun yana yaro, amma 'yarsa mai takardar malanta ce, kuma bai taɓa tunanin za ta ƙare a ɗakin da hayaƙin banda ya baƙanta ba. Ya ce a bari ya ga yaron tukuna. Ya sayi sabon inji ya ɗora wa jirgin, ya haɗa Ɗanbaba da babban ɗansa Nasiru: Nasiru ya riƙa sayen albasa wurin Gungawa, manoman tsibiran tafkin, a bakin ruwa, Ɗanbaba ya riƙa ɗaukowa zuwa Yelwa, abin da Allah ya kawo su raba. In an yi shekara lafiya, sai a yi zancen aure.

Nasiru mutum ne mai fara'a da son tsokana. Yana kiran Ɗanbaba surukin ruwa, yana ba shi goro, yana kuma yawan tambaya. Wata rana ana lodi ya tambaya don me kullum kwandunan kifin tunga suke zama a sama, albasa a ƙasa, alhali kifin ne ba ya son yayyafi. Ɗanbaba ya gaya masa yadda suka gada. Idan hadari ya kama jirgi har ya zama dole a rage kaya, na mai jirgi da na danginsa ake fara zubarwa, don kada wani ya ce an zaɓi nasa da gangan. Shi ya sa ake ajiye su inda hannu zai kai. In an isa tudu, duk wanda kayansa ya tsira sai ya zo gaban Sarkin Ruwa ya faɗa da bakinsa cewa kayan wane ne suka fanshi nasa, a raba asarar kowa ya ɗauki nasa kaso. Nasiru ya tambaya wa ke rubutawa. Ɗanbaba ya ce ba a rubutawa, wanda ya ga mutuwa tare da kai ba ya musu. Nasiru ya yi dariya ya ce lallai mutanen ruwa suna da kirki.

Ƙarshen rani albasa ta yi araha a bakin ruwa, ta yi tsada a Yelwa, saboda motocin kurmi, na 'yan kudu, sun zo suna jira. Ranar da abin ya faru Nasiru ya tara buhuna fiye da yadda suka saba, ya sa 'yan dako suka yi ta jerawa. A ranar ce kuma matan tunga suka fito da kifin da suka yi rani suna bandawa, wanda da shi ake sayen geron damina. Ɗanbaba ya zagaya ya dubi gefen jirgi. Ƙa'idarsu a bar taƙi guda tsakanin ruwa da bakin jirgi, abin da ya rage a ranar bai kai tafin hannu ba. Ya dubi gabas, sama ta ɗan yi nauyi. Ya matsa kusa da Nasiru ya ce a hankali ko za a bar wasu buhunan sai gobe.

Nasiru ya amsa da ƙarfi, yadda duk wanda ke kwata, wurin lodin jirage, zai ji. Ya ce to ga surukin ruwa yana tsoron ruwa, shi kuma ɗan tudu ko a jikinsa, ya ce ko sabon injin ne bai iya ba a nemo wanda ya iya. Mutane suka yi dariya. Da wani ne da Ɗanbaba ya sauke buhunan da hannunsa, ya sha yi wa manyan 'yan kasuwa haka. Amma wannan yayan yarinyar da yake nema ne, kuma a tungarsu mutum ba ya ja-in-ja da yayan matarsa a bainar jama'a. Ya yi shiru. Da Nasiru ya ce Sule, ɗan baffan Ɗanbaba da ke taya shi tuƙi, ya zauna gida don jirgi ya sami sauƙi, nan ma bai ce komai ba. Su biyu suka tashi.

Iskar ta same su da azahar, a inda ruwa ya fi faɗi. Ba a iya gudu zuwa gaɓa a wurin saboda kututturai. Taguwa ta fara tsallako bakin jirgi tana zuba a kan buhuna, Nasiru yana kwalfewa ba ya cim mata. Ɗanbaba ya ɗaure hannun inji, ya taka kan kaya, ya ɗauki kwandon uwarsa ya jefa. Ya bi da na matar baffansa, da na gwaggonsa, har ya zubar da rabin kifin. Jirgin ya ɗan ɗago amma bai isa ba. Ya ce wa Nasiru yanzu sai albasa, ita ce nauyin, buhu kaɗan ya fi duk kwandunan nan.

Nasiru ya kwanta a kan buhunan ya rungume su. Fuskarsa ta jiƙe.

"Ɗanbaba, don Allah. Dukiyar Alhaji ce, in ta shiga ruwa ba ni ba gida. Ƙarasa kihin. Wallahi in munka kai tudu ni da kaina za ni gaban Sarkin Ruwa, a raba. Ba kai ka hwaɗa min haka ake yi ba?"

Babu lokacin gardama. Ɗanbaba ya ƙarasa kifin, na dangi da na wanda ba dangi ba, ya jefa tukunyarsa da tabarmarsa da jarkar man da ta rage. Allah ya sa iskar ba ta daɗe ba. Suka shiga kwatar Yelwa da la'asar, albasa cif, babu kwando ko ɗaya.

Mutane suka taru. Tun kafin Ɗanbaba ya gama ɗaure jirgi, Nasiru ya hau tudu yana ba da labari. Bai zagi kowa ba, yabo ya yi. Ya ce bai taɓa ganin ɗan halak irin wannan yaro ba. Ya ce shi da kansa ya ɗaga buhu zai jefa, Ɗanbaba ya riƙe masa hannu ya rantse ba za a taɓa kayan Alhaji ba yana raye, gara na danginsa su tafi duka. Ya dafa kafaɗarsa a gaban jama'a. Ɗanbaba yana tsaye ruwa na ɗiga daga rigarsa, ya buɗe baki, sai ga Alhaji Magaji ya iso kwatar da sauri. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu ya yi ta sa masa albarka, ya ce ba sai an cika shekara ba, ya gani, a turo magabata bayan Salla.

Labarin ya riga Ɗanbaba isa Tungar Maje. Ya dawo washegari ya tarar da mata zaune a bakin ruwa, ba wadda ta tashi. Ya faɗa musu yadda aka yi, ya ce Nasiru zai zo gaban Sarkin Ruwa. Suka ce to. Aka jira ranar kasuwa ta wuce, wata ta zo ta wuce. Albasa ta hau mota ta tafi kurmi. Da Ɗanbaba ya tare Nasiru a rumfarsa ya tuna masa, Nasiru ya ba shi kujera, ya aika a kawo masa lemo, ya ce ai maganar cikin hadari ba magana ba ce, mutum yana iya cewa komai. Ya ce su a kasuwa wanda kayansa ya iso nasa ne. Ya ƙara da cewa shi a ganinsa Ɗanbaba ne ya fi kowa riba a tafiyar nan.

A tunga aka daina ba shi kaya. Matan suka koma jirgin wani mutumin Wara mai tsada. Ba wanda ya zage shi ido da ido, sai dai in ya iso majalisa hira ta mutu, kuma matan da ke zuwa ɗibar wuta wurin Saratu suka koma ɗiba a wani gida. Akwai wata tsohuwa, Altine, wadda mijinta ya rasu ya bar mata jikoki, kifinta duka yana cikin jirgin. Ita kaɗai ta yi masa magana. Ta tambaye shi ko amaryar tana da kyau, don ita idonta ya yi rauni, tana so ta san abin da aka saya da kifinta.

Zulai'atu tana hutun makaranta a Yelwa duk wannan lokaci, gidansu ana ta zancen biki. Da farko ta yi murna har ta kasa ɓoyewa. Sai da ta ga Ɗanbaba ya daina zuwa zaure ta aika aka kira shi. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa, ya gaya mata komai yana kallon ƙasa, bai ƙara ba bai rage ba. Ba ta tambaye shi ko gaskiya ne ba. Ta san yayanta tun suna raba ƙosai.

Ta sami Nasiru yana wanke babur a tsakar gida.

"Yaya, ka rantse mai a cikin ruwa?"

"Wa ya ji?"

"Ni nike tambaya."

Ya matse tsumma ya ce, "Ke ba mijin kike so ba? Shekara nawa za ki yi kina jiran Alhaji ya yarda da mai warin kihi? Na gama miki aiki rana guda. Maimakon ki gode."

Ta je wurin ubanta bayan ya dawo daga masallaci da safe. Ta durƙusa ta faɗa masa. Alhaji ya ci gaba da jan carbi, kuma daga fuskarsa ta gane bai yi mamaki sosai ba. Ya ce ya ji. Ya ce zai aika wa mutanen tunga gero, ba za su kwana da yunwa saboda gidansa ba. Ta ce ba gero kaɗai ba ne, bakin Nasiru ake so, ya je ya faɗa a gaban Sarkin Ruwa. Alhaji ya ajiye carbin. Ya ce Nasiru shi zai gaji rumfa, da sunansa ake ba da kaya daga nan har kurmi, ba zai kai shi ya durƙusa gaban masunta ya ce shi maƙaryaci ne ba. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, aurenta yana nan, in Ɗanbaba ya ga tunga ta yi masa zafi ya dawo Yelwa a buɗe masa rumfa.

Geron ya tafi a jirgi, da saƙon cewa gudummawa ce daga Alhaji Magaji saboda alherin da ɗansu ya yi masa. Aka sauke buhunan a bakin ruwa. Mutane suna bukata, damina ta kama, don haka suka ɗiba, amma kowa ya ɗiba yana cewa to ga shi nan, an biya. Saratu ba ta aika an karɓo mata ba.

Da aka koma makaranta Zulai'atu ta shiga jirgin mutumin Wara. Matan da ke ciki suka amsa gaisuwarta a taƙaice suka juya. Ba ta wuce makaranta ba, ta nufi gidan Sarkin Ruwa kai tsaye. Tsoho ne mai suna Bello, yana zaune a inuwa yana ɗinkin koma, ragar kamun kifi, da wasu dattawa a gefensa. Ta cire takalmi ta durƙusa, ta ce ta zo ba da shaida. Ta faɗi abin da yayanta ya ce mata a tsakar gida, kalma da kalma.

Sarkin Ruwa ya saurara har ta gama. Ya tambaye ta ko tana cikin jirgin. Ta ce a'a. Ya tambaya ko akwai wanda ya ji lokacin da yayan nata ke faɗa mata. Ta ce babu.

"To ɗiyata, mi ke tsakaninki da Ɗanbaba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin gani," in ji shi. "Ni na san yaron tun yana tsirara, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Amma abin ga ba a zuciyata yake ba. Mutum biyu sunka shiga ruwa, guda ya ce kaza, guda ya ce kaza. Na ukun da ta zo, ita ce wadda anka ce don ita anka yi. In na yanke da bakinki, gobe wa za ya ba ɗan tunga kayanai? Kawo min yayanki. Ko bai kawo komi ba, shi zo shi hwaɗa."

Ta ce ba zai zo ba. Tsohon ya ce ya sani, ya koma kan komarsa.

Ta tarar da Ɗanbaba a bayan ɗakin uwarsa yana fasa itacen banda. Ya rame. Saratu tana juya wasu 'yan ƙananan kifaye a kan waya, ta amsa gaisuwar Zulai'atu da kyau, ta shimfiɗa mata tabarma, sannan ta shige ɗaki ta bar su. Zulai'atu ba ta zauna ba. Ta gaya masa inda ta fito da abin da aka ce mata. Ya ce ya gode, amma da ba ta je ba.

Ta ce masa su tafi Yelwa. Ubanta ya yi alkawarin rumfa, ita tana da albashinta, su ɗauki Inna su tafi da ita. Ya ce Inna ba ta taɓa kwana inda ba ta jin ruwa ba, kabarin mijinta yana nan, kuma in ya tafi ya zauna a rumfar Alhaji, to ya sa hannu ke nan a kan abin da Nasiru ya faɗa. Ta ce to su zauna nan, ita ba ta tsoron hayaƙi, mutane za su gaji su manta. Ya ce zai koma kamun kifi, shi da Sule, su bi ruwa har kudu, kwando bayan kwando sai ya mayar wa kowace mace abin da ya zubar mata, ko zai ɗauki rani nawa. Ta ce za ta jira.

"Malama, ko na biya duka, ran da anka kawo ki gidan ga, ran nan za su ce ciniki ya ƙare. 'Ya'yanmu ma da shi za a kira su."

"To ni mi na yi?"

"Ba ki yi komi ba."

"Kai ma ba ka yi ba."

"Na yi shiru a kwata," in ji shi. "Na ga ruwa, na ga sama, na yi shiru."

Suna tsaye haka, ba nisa tsakaninsu, sai wasu mata biyu suka biyo ta hanyar da tulu a kai. Ɗaya ta rage tafiya ta dube su daga sama har ƙasa. Ta ce wa 'yar'uwarta, ba da ƙarfi ba, ashe har gida ake kawo wa mutum ladarsa. Suka wuce.

Zulai'atu ta dubi Ɗanbaba tana jiran ya ce wani abu, ko gare su ko gare ta. Ya ja da baya, ya ƙara ja, har tarin itacen ya shiga tsakaninsu, ya sunkuya ya ɗauki gatarinsa. Ta tsaya kaɗan, sannan ta leƙa ɗaki ta yi wa Saratu sallama. Tsohuwar ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba, ta ce Allah ya ba ta wanda ya fi shi.

Bayan Salla magabatan Ɗanbaba sun je Yelwa kamar yadda aka ce su je. Baffansa ne ya yi magana a zauren Alhaji Magaji. Ya yi godiya mai tsawo, ya ce sun ga karamci, amma yaronsu ya duba ya ga ba zai iya riƙe 'yar babban gida ba, sun zo su janye. Alhaji ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya sa aka kawo musu abinci, ba su ci ba. Zulai'atu tana cikin gida tana jin muryoyinsu ta katanga har suka tashi. Ba ta fito ba, kuma da uwarta ta shigo ta same ta zaune a bakin gado da mayafinta a jiki, kamar mai shirin zuwa wani wuri.